Mai Keke da Kwamfutar Auta

A layinsu babu mai kiran ta da sunan yanka. Mai Keke ake ce mata, domin tun tana budurwa ƙafarta ke kan keken ɗinki, kuma duk wanda ya biyo ta ƙofar shagonta ƙarar keken yake fara ji kafin ya ga mai shi. Gajeriyar mace ce mai kaurin murya, mai saurin hannu da saurin fushi, amma fushinta wutar kara ne, kafin ka ɗebo ruwa ya mutu. Iyayensu sun rasu a jere, uwa ta bi uba, suka bar mata ƙani guda wanda a lokacin ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba. Ita ta yi masa uwa, ta yi masa uba. Da aure ya zo, sharaɗi ɗaya ta gindaya: inda ta sa ƙafa, nan Auta zai sa tasa. Mijinta direban bas ne, mutum mai haƙuri da tsadar magana. Ya ce ya ji ya gani, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Auta ya tashi siriri, mai surutu kamar ya haɗiyi rediyo. Da ya gama sakandare karatu bai ci gaba ba, sai ya samu aikin kai wa mutane saƙo a kan babur. Abin da ya fi so a duniya shi ne gem, wasan kwamfuta. In ya tashi daga aiki ba gida yake nufa ba, sai wani ɗakin gem da ke saman bene a bakin titi, inda shi da amininsa Dogo suke zama gaban kwamfutocin haya suna harbe-harbe da mutanen da ba su taɓa gani ba. Kullum zancensa ke nan, wata rana zai haɗa tasa kwamfutar da hannunsa, yau ya sayi wannan, gobe ya sayi wancan, har ta tashi.

"Gemu ya fito, gem bai fita ba," in ji Mai Keke. "Sa'anninka na maganar kayan ɗaki, kai kana can kana harbin mutanen ƙarya."

"Yaya, mutanen ƙarya ba sa kai ƙara," yakan ce, ya tsoma hannu a kwanon abincinta ya gudu.

Wata safiya motar kaya ta fito daga kwana ba ta duba ba. Babur ɗin ya shige ƙarƙashinta, shi kuma Auta ya bugi bakin kwalbati da baya. Ya yi watanni a asibiti, Mai Keke na kwana a ƙasa kusa da gadonsa, shago a kulle. Daga ƙarshe likita ya ja ta gefe ya gaya mata ba kwana-kwana: lakar baya ta taɓu, ƙafafun ba za su dawo ba. Hannun hagun da ya karye ya haɗe, amma yatsu biyu na ƙarshe sun ƙi motsi.

Aka gyara masa ɗakin da ake tara tarkace kusa da kicin, domin shi kaɗai ne babu tudu a bakin ƙofarsa. Tagar ɗakin bangon maƙwabta take kallo. Ranar da aka shigo da shi a keken guragu ya dubi yayarsa ya ce, "To, yanzu masu keke biyu ne a gidan nan. Sai a riƙa bambancewa." Kowa ya yi dariya, har da ita, tana share ido da gefen mayafi. Daga wannan bai sake yin wani barkwanci ba.

Da farko gidan ba ya rabuwa da masu dubiya. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke, sai Dogo kaɗai. Surutun Auta ya koma e da a'a, daga nan ya koma gyaɗa kai, daga nan ko wannan ɗin ya tsaya. Ya juya fuskarsa ga bango. In ta kawo abinci ya yi cokali biyu ya ture. 'Ya'yanta biyu da suka saba hawan bayansa suka koma leƙe daga bakin ƙofa. Ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka, ita ke wanke zanen gado, ta ruga shagonta da ke jikin gidan ta yi ɗinki rabi ta dawo. Ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta yi kuka a gabansa, ta kawo masa masu nasiha. Duk ya saurare su kamar ruwan sama ne ke dukan kwanon wani gida. Ranar da ya buɗe baki ya tambaye ta inda take ajiye magungunansa, da murya a sanyaye kamar mai tambayar gishiri, ta gane abin da ke ransa. Ta kwashe su duka, har da reza da almakashin da ke kicin, ta kai shago ta kulle a durowa. Tun daga ranar barcinta ya zama na zomo.

Wata rana da la'asar Dogo ya zo, ya zauna bakin gado yana ta zuba shi kaɗai. Da ya rasa abin faɗi sai ya ciro waya ya kunna bidiyon wani yana buga sabon gem ɗin da ya fito. Mai Keke ta shigo da shayi, sai ta tsaya cak. Auta bai juyo ba, amma idonsa ya karkato yana bin wayar, kuma yatsan hannun damansa yana ɗan bugun zanen gado, tap, tap, daidai da harbin da ke fita. Rabonta da ta ga wani abu a jikin yaron nan ya motsa don ra'ayin kansa har ta manta.

Ta tare Dogo a bakin ƙofar gida.

"Wannan abin da kuke bugawa, in a gida za a yi shi, me ake nema?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Anti, kwamfutar gem ta gaske kuɗin mota ce. Amma ana iya farawa da ƙarama, in dai an zaɓi kayan cikinta da hankali, daga baya a riƙa ƙara mata ƙarfi. Abin da shi yake ta burin yi ke nan." Ya kwatanta mata shagon wani da suke kira Injiniya, a hawa na sama a kasuwar kwamfuta.

Da ta gaya wa Auta, ko juyowa bai yi ba. "Ba na so," kawai ya ce. Washegari ta yafa mayafi ta tafi.

Kasuwar wani dogon gini ce mai hawa-hawa, ƙarar janareto ta cika ko'ina, wayoyi na rataye kamar igiyar shanya. Tun daga ƙasa masu kiran ciniki suka yanyame ta. Wani mai zaƙin baki ya ja ta shagonsa ya nuna mata wata siririyar kwamfuta baƙa, irin wadda ofisoshi ke sallamarwa, ya kunna mata ita nan take, ga allo ga komai, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin abin da ke ƙulle a jakarta ba. Har ta zuge jakar. Abin da ya tsayar da ita kunya ce kawai, kada Dogo ya ji ba ta je inda ya aike ta ba. Ta ce wa mutumin tana zuwa, ta hau bene tana haki.

Injiniya magidanci ne mai furfura a gefen kai, tabarau a saman hanci, shagonsa ba ya ɗaukar mutum uku. Ya saurare ta har ta gama, yana kwance wani abu da sukudireba.

"Waccan ta ƙasa za ta yi aiki yau," ya ce. "Amma yadda kika saye ta, haka za ta mutu. Cikinta a matse yake, wutarta kaɗan ce, kayanta ba sa shiga da na kowa. Abin da ke sa gem ya yi kyau wani kati ne, babba, mai fanka a jikinsa, shi ne ya fi komai tsada. Yau ba ki da kuɗinsa. To dabarar ita ce ki haɗa wadda za ta yi tafiya ba shi, amma ranar da kika same shi, wurinsa na nan yana jira, wutar da zai ci ma tana nan."

Mai Keke ta ce, "Wato kamar rigar yaro. A bar kalmasa mai faɗi, in ya ƙara tsawo a warware."

"Kin gama karatun," in ji Injiniya.

Amma ba ta gama ba. Ya shiga jero mata sunaye: furosesa, wadda ita ce ƙwaƙwalwar, madabod, faffaɗan allon da komai ke zama a kansa, ram, wasu 'yan sirara kamar mataji, fawa, akwatin da ke raba wuta, kes, gidan ƙarfen da ake jera su duka a ciki. Da ya ce fawa ta ɗauka sana'ar mahauta ake nufi. Kafin ta sauko daga benen sunayen sun cakuɗe a kanta kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Ta koma gida ba ta sayi komai ba, zuciyarta a cunkushe, tana jin ta shiga ruwan da ya fi tsawonta.

Da safe tana shafa wa Auta mai a baya, sai ta kama maganar ita kaɗai, don kada shirun ɗakin ya haɗiye ta.

"Mutumin ya ce wai sai na sayi madara-bod. Akwai mai rami biyu, ya fi sauƙi. Shi zan ɗauko, rami ai rami ne."

Ta ci gaba da shafa. Can sai ta ji murya daga wajen bango, a dushe saboda rashin amfani.

"Huɗu."

Hannunta ya tsaya.

"Mai rami huɗu. Mai biyu, kina sa ram biyu kin cika shi, kin gama ke nan. Kuma ni ban ce ki saya ba."

Ta fita tsakar gida ta jingina da bango har numfashinta ya daidaita. Daga ranar ta gano lagonsa: Auta zai iya jure komai, amma ba zai iya jure a yi shirme a kan kwamfuta a gabansa ba. Sai ta mai da shirme sana'a. Abin da ta gane ma sai ta karkata shi da gangan. Ta ce za ta sayi ram guda ɗaya babba. Ya ce a'a, ƙanana biyu, domin furosesar da za ta riƙe hoto da kanta kafin a samu kati ta fi sakewa da biyu. Ta ce ta ga wani kes ɗan ƙarami mai fitilu ja da kore, gwanin sha'awa. Ya ce fitila ba ta buga gem, ta nemo tsoho na hannu ko da mummuna ne, in dai cikinsa da tsawo kuma iska na ratsawa. Wata rana ta kira shi ta bidiyo daga shagon Injiniya ta riƙe wayar a tsakaninsu, suka yi ta musu a kan furosesa biyu har hannunta ya yi tsami, Injiniya na cewa wannan ta isa, Auta na cewa waccan dai, domin madabod ɗinta zai karɓi wadda ta fi ta nan gaba. Injiniya ya cire tabarau ya ce, "Ƙanin nan naki ya fi ni taurin kai." A ranar Auta ya cinye abincinsa.

Kayan suka fara taruwa ɗaya bayan ɗaya a saman durowar ɗakinsa, kowanne a kwalinsa. Dogo ya kawo tsohon allonsa da kibod da linzamin kwamfuta. Saura fawa. A kanta Auta ya fi kafewa. "Komai a yi araha, ban da ita," ya ce. "Ta banza in ta tashi mutuwa ba ta tafiya ita kaɗai, sai ta ja sauran." Wadda ya zaɓa kuwa tsadarta ta kusa kamo ta furosesa.

Ana cikin haka gyambo ya ɓullo masa a ƙugu saboda kwanciya. Likita ya duba ya ce dole a sake katifa, a samo irin ta musamman mai iska, in ba haka ba ciwon zai ci har ƙashi. A makon ne kuma bas ɗin maigidanta ta kwanta a gareji. Ya same ta a kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu.

"Kin san ban taɓa ƙin yaron nan ba," ya ce. "Amma ki duba. Ga katifa, ga makarantar yara, ga mota a kwance. Ke kuma kina tara kwalaye. Mutane har sun fara magana, wai marar lafiya na ruɓewa ana sayen kayan wasa."

"Mutanen su zo su kwana a ƙofar ɗakinsa suna sauraron numfashinsa," in ji ta. "Katifa za ta tsare masa fata. Shi kansa fa, me zai tsare mana shi?"

Maigidan ya sa hularsa ya fita, ita kuma ta san gaskiya ya faɗa, ta kuma san ita ma gaskiya ta faɗa, kuma aljihu ɗaya ne. Ta sayi katifar. Da ɗan abin da ya rage ta koma kasuwa, ba ta hau wurin Injiniya ba don kunya. A ƙasa, a kan teburin wani mai kayan hannu, ta ga fawa sabuwa fil tana sheƙi, an rubuta mata lamba babba a jiki, kuɗinta bai kai rabin waccan ba. Ta ce a ranta wuta ai wuta ce.

Auta ya karɓi kwalin ya ɗora a ƙirjinsa, ya zaro ta. Bai ko karanta rubutun ba. Ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya auna nauyinta, ya juya wayoyin yana neman wadda ake sa wa kati, babu. Ya ajiye ta a gefen gado a hankali.

"Burodi ya fi ta nauyi," ya ce.

"Auta, katifar ce ta..."

"Na sani. Kin yi daidai, Yaya." Muryarsa ba fushi a ciki, shi ne ma abin da ya fi tsorata ta. "Me za a yi da fawa mai ɗaukar kati? Ke ma kin san ba zan kai lokacin katin ba. Ki mayar da kayan duka, ki biya wa yara makaranta."

Ya juya ga bango. Ta kira sunansa, ta sake kira, ta dafa kafaɗarsa. Kamar ta dafa itace.

Ta koma wurin mai teburin, ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Ta yi masa magiya har mutane suka fara tsayawa kallo, ya ɗaga kafaɗa ya juya ga wani mai ciniki. Ta hau bene ta zauna a kan kujerar Injiniya, fawar a cinyarta, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. Injiniya ya duba abin ya girgiza kai, ya ce ko kyauta ba zai sa wa mutum ita ba. Abin da zai iya kawai, ya ajiye mata mai kyaun zuwa ƙarshen mako.

Kekuna biyu gare ta a shago. Akwai tsohon na ƙafa da ta fara sana'a da shi, akwai kuma keken aiki na lantarki da take yi wa riguna ado, wanda ta yi shekaru tana tara kuɗi kafin ta mallaka, kuma shi ne ke kawo mata manyan masu ɗinki. Wata tela a ƙasan layi ta daɗe tana zawarcinsa. Mai Keke ta aika mata. Da aka zo ɗauka ita da kanta ta goge shi, ta naɗe wayarsa, ta haɗa da kwalbar mai da allurai, sannan ta shige bayan labule don kada ta ga fitarsa. Maigidan da ya ji sai ya ce, "Da kin bari mun yi shawara." Ta ce, "Da na bari da ka hana ni, kuma da na ji maganarka." Ta sayo fawar wurin Injiniya, da sauran kuɗin aka fito da bas daga gareji.

Ta ajiye sabuwar fawar a kan cikin Auta. Nauyinta ya sa ya buɗe ido. Ya dube ta, ya dubi yayarsa.

"Ina kika samu?"

"Ba ruwanka."

"Yaya, ba na jin ƙarar keken aiki kwana biyu."

"Kunnenka ne. Gobe da safe za mu haɗa, ka ce da hannunka za ka haɗa."

Ya rufe fuskarsa da hannun dama, kafaɗunsa na rawa. Ta bar shi ya yi, domin rabon da ya yi kuka tun asibiti.

Da safe maigidan da Dogo suka ciccibo teburin yankanta suka kawo ɗakin, aka jingina Auta da matasai. Hannunsa na hagu ba ya riƙe ƙananan abubuwa, sai aka raba aiki: shi ido da baki, ita hannu. Ta ɗauki furosesar da yatsu biyu kamar mai zura zare a allura, ya nuna mata ɗan alamar da ke kusurwa, ta saukar da ita a gurbinta ba ta ko numfashi. Ta ɗaura fanka, ta sa ram, ta jera madabod a cikin tsohon kes ɗin da ke da lotsawa a gefe, Dogo na miƙo sukurori. Wayoyin fawa suka ba su wahala, ta ɗaure su tsaf da ƙyallen atamfa saboda ba ta son hargitsi. A tsakiyar madabod ɗin akwai wani dogon rami da aka bari fayau. Nan ne wurin katin.

Wajen azahar aka jona wuta. Auta ya miƙa yatsa ya danna. Fanka ta juya, wata 'yar fitila ta kama, kowa ya zuba wa allo ido. Allon ya tsaya baƙi ƙirin. Aka kashe aka kunna, aka sake waya, aka canza soket. Baƙi. Mai Keke ta ƙura wa kes ɗin ido. Keken aikinta ne a cikin wannan gwangwanin, da sauran abin da ya rage mata na dabara, kuma ta tabbata hannunta ne ya ɓata wani abu. Ta saci kallon Auta, ta ga idonsa ya fara komawa wajen bango.

Ta fita da waya ta kira Injiniya. Ya yi mata tambayoyi, sannan ya ce, "Da kika sa ram, kin ji ya yi ƙara?"

"Wace ƙara? Lallaɓa shi na yi, kada ya karye."

"Ba jariri ba ne. Koma ki danna shi da ƙarfi, gefe da gefe, sai kin ji ƙas."

Ta koma ta cire wuta, ta ɗora manyan yatsunta biyu, ta runtse ido ta danna kamar mai sa maɓallin ƙarfe a wandon kaki. Ƙas. Ta danna ɗayan. Ƙas. Da aka kunna, rubutu fari ya bayyana a allon. Dogo ya yi tsalle har kansa ya bugi ƙwan lantarki. Ita kuwa ta zauna a ƙasa.

Da a tatsuniya ne, da nan labarin ya ƙare. Amma da aka sa gem ɗin, sai hoton ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar mai ɗingishi, sai da aka rage masa kyau har mutanen ciki suka koma kamar na kwali. Wannan Auta ya san za a yi. Abin da bai shirya masa ba shi ne hannunsa. Yatsun nan biyu da suka mutu su ne masu danna gudu da durƙuso. Aka harbe shi, ya tashi, aka sake harbe shi, shi da a da a ɗakin gem ake taruwa a bayansa kallo. A karo na ƙarshe ya sa hannu ya share kibod ɗin ya faɗi ƙasa, maɓalli biyu suka yi tsalle. Mai Keke ta tsince su ta ajiye a kan tebur, ta fita, domin ba ta da sauran abin sayarwa, ba ta da sauran abin faɗi.

Kwanaki kwamfutar na rufe da zane. Sai wata rana tana wanke-wanke ta ji ƙas-ƙas daga ɗakin. Ta leƙa ta tagar kicin. Ya jawo teburin da kansa, ya mayar da maɓallan, yana ta sauya wa kowane aiki wuri, gudu ya koma kan linzami, durƙuso ya koma ƙarƙashin babban yatsa. Ya gwada, ya yi tsaki, ya sake. Ba ta shiga ba. Da yamma ta ɗinka masa ɗan matashi na tallafar wuyan hannu ta ajiye a kan teburin, washegari ta ga ya sa.

Ba warkewa ya yi ba. Akwai ranakun da har yanzu yake wuni fuska a bango, magungunan kuma suna nan a kulle a shago. Manyan masu ɗinkinta sun bi keken aiki zuwa ƙasan layi, ta koma facin kayan makaranta da rage tsawon wando. Kuɗin kati kuwa kullum gaba yake yi, duk lokacin da ta kusa sai ya matsa. Sai dai yanzu in ta dawo daga shago takan ji muryarsa tun daga ƙofar gida yana yi wa Dogo faɗa ta cikin abin kunne, yaran kuma sun koma hawa gadonsa. Maƙwabta suka fara kawo masa wayoyi da kwamfutocinsu yana gyara musu abin da ya rikice a ciki, ana ba shi ɗan na sabulu, yana tarawa a gwangwanin madara.

Bayan watanni Injiniya ya kira ya ce an kawo wani kati na hannu, in suna so su zo da wuri. Mai Keke ta ɗauki mayafi, sai Auta ya ce, "Kati na hannu ba a saye ta waya. Ni zan je in gani."

Tun da aka sallamo shi, in ba asibiti ba bai taɓa fita ba. Maigidan ya ajiye aikin safe ya kawo bas har ƙofar gida, shi da Dogo suka ɗaga shi da kekensa. A hanya Auta ya ƙanƙame hannun keken, duk babur ɗin da ya gifta sai ya kau da kai. A kasuwa mutane suka yi ta kallo, ga kuma benen da keke ba ya hawa. Injiniya da kansa ya rufe shago ya sauko da katin a hannu, ya tsaya ya dubi mutumin da ya daɗe yana musu da shi ta waya.

"Ashe kai ne mai taurin kan."

"Ni ne, Baba. Mu gani."

Auta ya ɗora katin a cinyarsa, a nan bakin titi, rana na dukan su. Ya juya shi, ya duba sukurorin bayansa, ya shinshina, ya kaɗa fankar farko da yatsa ta juya sumul, ya kaɗa ta biyu ta yi ƙugi ta tsaya. Mai Keke na tsaye riƙe da jaka, rabin kuɗin nata, rabi na gwangwanin madara, zuciyarta na cewa ya karɓa kawai a huta.

"An taɓa buɗe shi, kuma ya sha zafi," in ji Auta. Ya miƙa wa Injiniya. "Ba zai yi shekara ba."

Injiniya ya kaɗa fankar shi ma, ya saurara, ya gyaɗa kai. "Akwai wasu da za su shigo ƙarshen wata. In ajiye maka?"

"Kar ka ajiye. Zan zo in duba da kaina."

Suka juyo hannu wofi. Maigidan ya tafi kawo bas, Dogo ya bi shi. Mai Keke ta tura keken zuwa inuwar wani shago, ƙafafunta na zogi, ga ɗinkin mutane na jiran ta. Auta ya ɗaga kai yana bin benen da kallo, hawa bayan hawa, tagogi cike da kwalaye.

"Yaya, yunwa nake ji," ya ce. "Akwai mai abinci a nan kusa?"

Ta ce bari ta duba, ta taka wa keken birki, ta tsallaka titi.